Jan Zakaran da Ya Sauke Ni Daga Kujera

Ba zan taɓa mantawa da wani jan zakara ba, ko da kuwa tsufa zai kwashe mini sunayen jikokina kaf (ya ma fara). Mutane da yawa sun ci mini mutunci a duniyar nan, na yafe, na manta. Amma wannan zakaran, da bai taɓa ce mini uffan ba in ban da cara, shi ya raba ni da kujerar da na fi ƙauna a rayuwata. To, in dai gaskiya za a bi, ni na sauke kaina. Shi shaida kawai ya bayar.

Lokacin Turawa suna nan, saura 'yan shekaru a ba mu mulkin kai. Ina saurayi, na gama makarantar Midil, na samu aikin akawu a wani ofishi a Samaru. Kai, da ka gan ni a lokacin! Farin gajeren wando da ya sha guga, doguwar safa har gwiwa, laktaye, alƙaluma biyu a aljihun gaba (ɗayan ko ɗigon tawada babu, na ado ne), ga sabon keke mai ƙararrawa. In na taso daga Samaru za ni Sabon Gari, da hannu ɗaya nake tuƙi, ɗayan na ɗaga wa mutane ne.

Mutanen garinmu da neman abinci ya kawo Zariya suna da ƙungiya. Akwai ma'aikatan reluwe, akwai leburori da masu gadi da teloli, da mata masu tuwon sayarwa, Musulmi da Kirista duk a haɗe. Lahadin farko na kowane wata, bayan masu coci sun taso, masu salla sun yi azahar, sai mu hallara gidan shugabanmu, Baba Audu Tela, a Sabon Gari, a ƙarƙashin wani mangwaro da ke tsakar gida. Aikin ƙungiyar ba wani mai wuya ba ne. In an haihu mu je, in an yi rasuwa mu je, in baƙo ya sauko daga jirgi bai san kowa ba mu nema masa wurin kwana. In kuwa wani ya kwanta ciwo, al'adarmu ita ce a aika masa da zakara a yi masa farfesu, wanda aka aika kuma ya gano shi da idonsa, ya dawo ya ba taro labari.

Ni ne sakatare, kuma yadda na hau kujerar ma abin faɗa ne. Wanda na gada sunansa Iliya, helima ne na leburori a Samaru, ɗakinsa yana bayan nawa, zana kawai ta raba mu. Mutumin kirki, sai dai mantuwa. An taɓa ba shi takardar ta'aziyya ya kai wa wasu 'yan'uwa, bayan wata biyu matarsa ta tsince ta a aljihun rigarsa wajen wanki. Ranar da maganar ta fito a taro, wa ya miƙe ya yi ta zuba? Ni. Na ce ƙungiya ba ta tafiya haka. Na ce a ƙasashen da suka ci gaba (ban taɓa wuce Kaduna ba) duk mai muƙami sai ya tsaya gaban jama'a ya faɗi abin da ya yi da amanar da aka ba shi. Aka yi mini tafi, aka ce to, in rubuto dokoki. Na buga su da tafireta, guda bakwai, ta bakwai ɗin kuwa da ita nake tinƙaho: "Duk wanda ƙungiya ta aika, ya dawo ya faɗa wa taro abin da ya yi da abin da ya gani. In ya rage ko ya ƙara, ya sauka daga kujerarsa."

Aka sauke Iliya, aka ɗora ni. Bai yi musu ba. Ya miƙo mini littafin taro da hannu biyu, ya ce, "Allah ya taya riƙo, Sakatare."

Wallahi na ji daɗin kujerar nan. Kujeru uku ne kawai a gidan, ta shugaba, ta ma'aji, sai tawa. Sauran jama'a benci da tabarma. Dattawa sa'o'in mahaifina suna kirana Sakatare, ni kuwa ina amsawa da ƙyar kamar mai ciwon wuya. Yawancin mutanenmu ba su yi boko ba, saboda haka abin da littafi ya ce, shi ne ya faru. A nan na fara ƙara gishiri. In Baba Audu ya ce, "To, a dai yi haƙuri da juna," sai in rubuta cewa Shugaba ya ja hankalin jama'a da kalmomi masu ratsa zuciya. Wata mai zuwa in karanta, ya yi ta gyaɗa kai yana murmushi, ya dangwala babban yatsa a tawada ya manna a ƙasa. Ba wanda ya taɓa cewa ba haka aka yi ba. Kowa yana son ya ji kansa ya iya magana.

Ana tsakiyar damina, a wani taro, sai Gwaggo Ladi ta miƙe. Ita ce shugabar matan ƙungiya, mai sayar da tuwo a bakin tasha, mace mai murya. Ta ce Baba Sambo ya kwanta. Baba Sambo tsohon maigadi ne, yana zaune a Hanwa, kuma tun da aka kafa ƙungiya bai taɓa fashin taro ba. Hanwa kuwa, ga wanda bai sani ba, tana tsakanin Sabon Gari da Samaru, gidan nasa ma daga titi ana hango zaurensa.

Baba Audu ya dube ni. "Sakatare, ai a kan hanyarka yake."

"An gama, Baba," na ce, har da dukan ƙirji.

Da aka tashi, Gwaggo Ladi ta fito da wani jan zakara ɗaure da ƙafafu, ta ɗaure mini shi a kariyar keke da kanta, ta ƙulle tamau. "Ka gaishe shi, ka ce a sa masa citta da yawa."

To, a nan matsalar ta fara. Ban yi nisa ba zakara ya fara fiffike yana ihu a bayana. Na zo wucewa ta wajen famfo, 'yan mata suna ɗiban ruwa, sai wata ta ɗaga murya: "Malam Akawu, nawa zakaran?" Suka kwashe da dariya. Ni! Da laktaye! Na ji kamar in sauka in kwance shi in ce ya tafi Hanwa da ƙafarsa. Kafin in kai Hanwa hadari ya haɗo, na dubi 'yar hanyar da ta ratse zuwa gidan Baba Sambo, duk taɓo, na dubi farar safata. Na ce a raina, gobe ma rana ce. Na wuce.

Na ɗaure zakara a bayan ɗakina, na watsa masa dawa. Litinin na ce ai yau aiki ya yi yawa. Talata na tuna cewa in na fita da shi da yamma, duk abokan aikina suna zaune a bakin hanya, za su gan ni. Na bari sai Lahadi. Lahadi ta zo aka wuni ana ruwa (wannan kam ba laifina ba ne, a rubuta mini shi). Lahadi ta gaba aka yi wasan ƙwallo a Sabon Gari, kuma kowa ya san ba a zuwa filin ƙwallo da zakara. Ranar sau biyu na ratsa Hanwa, zuwa da dawowa, in na zo daidai zauren sai in ƙara wuta in kau da kai. Daga nan kuma sai kunya ta karɓi aiki daga hannun girman kai. Har mako uku suka shuɗe! In na je yanzu, in ce masa me?

Shi kuwa zakara ya samu wurin zama. Yana cin dawa, yana cin ragowar tuwona, ƙirjinsa ya cika, gashinsa ya yi sheƙi. Kullum da asuba sai ya tsaya daidai tagata ya saki cara, in farka in tuna da Hanwa. Wata safiya Iliya ya leƙo ta saman zana.

"Sakatare, ashe kiwo aka fara?"

"Na wani ne," na ce.

"Allah sarki," ya ce, ya koma. Bai ƙara ko kalma ɗaya ba, ni kuma wautata ta sa na ɗauka mantuwarsa ce ta cece ni.

Ranar Asabar, ana gobe taro, na zauna da rana na buɗe littafi. Dole in ba da bayani, doka ta bakwai ta ce haka, kuma ni na rubuta ta. Na yi tunani: tsoho, damina, me zai kwantar da shi in ba zazzaɓi ba? Na rubuta zazzaɓi. Na lallashi zuciyata cewa ai ranar Litinin lalle zan kai zakaran, saboda haka wannan ba ƙarya ba ce, gaskiya ce da ta riga lokacinta zuwa. (Ka ji fa. Mutum in ya yi boko kaɗan, babu abin da ba zai iya gaya wa kansa ba.) Shafi ɗaya da rabi na cika, na karanta na ji har ni abin ya taɓa ni.

Ranar taro na isa da wuri. Teburinmu yana fuskantar jama'a, ƙofar shigowa tana bayanmu. Na duba benci, na duba tabarma, babu Iliya. Na ce alhamdu lillahi, yau ma ya manta. Aka buɗe taro da addu'a, aka zo kan maganar marasa lafiya, Baba Audu ya ce, "Sakatare, bismilla."

Na miƙe, na gyara laktaye, na yi gyaran murya.

"Bisa umarnin wannan ƙungiya mai albarka, na isa gidan Baba Sambo a Hanwa. Na iske shi kwance a cikin ɗaki, zazzaɓi ya kayar da shi, ko zama ba ya iya yi sai an tallafe shi."

"Wayyo, Allah sarki!" in ji Gwaggo Ladi. Mata suka yi ta jajantawa. Na ji daɗi, na ci gaba. Na faɗi yadda na zauna a gefen gadonsa, yadda na taɓa goshinsa na ji zafi rau, yadda na miƙa wa iyalinsa zakara.

Ina cikin haka sai na ji wurin ya yi tsit. Na ɗaga ido, na ga idanun mutane sun firfito, mata sun toshe baki da gefen mayafi, ma'aji ya sunkuyar da kai kafaɗunsa suna rawa. Ka san abin da na ɗauka? Na ɗauka alƙalamina ne ya ratsa su. Na ce a raina, yau har kuka zan sa su. Sai na ajiye littafin, na ci gaba da ka.

"Jama'a, da idona na ga an yi farfesun nan. Baba ya sha kwano ɗaya, ya ce a ƙara. Gumi ya karyo masa. Sai ya kamo hannuna, hawaye na zuba..."

"Sakatare," in ji Baba Audu a hankali, yana jan gefen rigata.

"Saura kaɗan, Baba. Ya kamo hannuna, ya ce, ɗana, ka gaya wa ƙungiya..."

Sai wata murya ta fito daga bayana, a natse, ba ko gaggawa.

"Ɗana, farfesun nan, an dai sa citta ko?"

Na juya. Baba Sambo ne tsaye a bakin ƙofa, ya dogara da sanda, ƙafarsa ta hagu naɗe da tsumma. Ba zazzaɓi ba ne ashe, kurkunu ne ya fito masa a ƙafa. A gefensa ga Iliya riƙe da keke, fuskarsa kamar ta wanda ya fito daga masallaci, ko da yake daga coci yake.

Ban san yadda zan kwatanta maka abin da na ji ba. Na nemi kalma ɗaya a cikin duk kalmomin nan nawa masu ratsa zuciya, na rasa. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Baba... ya jiki?"

Wurin ya fashe. Wani lebura har ya faɗo daga benci. Ma'aji yana ta buga tebur yana share hawaye. Gwaggo Ladi kaɗai ce ba ta yi dariya ba. Ta miƙe, ta ɗaure gyale a ƙugu.

"Kai! Ina zakaran?"

Kafin in buɗe baki Iliya ya amsa, cikin ladabi. "Yana nan lafiya lau, Gwaggo. Shi ke tashinmu da asuba a Samaru. Ya ma yi ƙiba."

Aka sake kwashewa. Aka kawo wa Baba Sambo kujera (tawa, mana, wace kuma?), ya zauna ya miƙe ƙafar. Iliya ya ce shi dai ya zo wucewa ta Hanwa ne, ya ratse ya gaida dattijo, dattijo kuma ya ce don Allah ya goyo shi zuwa taro, yana da tambaya. Baba Audu ya ce ya yi tambayarsa.

"Ba wata doguwa ba ce," in ji Baba Sambo. "So nake in ji ko an cire sunana daga ƙungiya ne. Don tun makon farko aka gaya mini an aiko Sakatare. Kowace Lahadi sai in sa a share zaure, a shimfiɗa sabuwar tabarma, a kama ni a fitar da ni in zauna. Na ga wucewarsa kuwa, sau biyu ma a rana ɗaya. Na ɗaga hannu, bai gani ba. Na ce wa iyalina ƙila aikin ƙungiya ne ya yi masa yawa." Ya dube ni, babu fushi ko kaɗan a fuskarsa. "Zakara ba komai ba ne, ɗana, muna da kaji a gida. Mutum na so in gani."

Babu wanda ya ƙara dariya. Da ma ya zage ni, da na fi samun sauƙi. Dariyar mutane ta ba ni kunya, amma maganar tabarmar nan ita ta karya ni, har yau ban manta ta ba.

Baba Audu ya juyo gare ni, ya ce, "Sakatare, akwai wata doka da ka taɓa karanta mana. Ta nawa ce ma?"

"Ta bakwai, Baba."

"Karanta mu ji."

Na karanta ta da bakina, da muryar da ko ni ban gane tawa ba ce. Aka ce wanda ya yarda a bi doka ya ɗaga hannu. Hannuwa suka tashi gaba ɗaya, kuma wallahi ban san lokacin da nawa ya bi su ba. Aka ce Iliya ya koma kujerarsa, ya rubuta abin da ya faru yau. Iliya ya shafa aljihu, ya shafa ɗayan, ya ce, "Af, na manta alƙalamina. Amma tsohon Sakatare yana da biyu, ya taimaka mana ya rubuta na yau."

Haka na durƙusa a gefen tebur, don kujera ta tafi, na rubuta labarin saukata da hannuna. Baba Audu yana tsaye a kaina. "Yadda aka yi za ka rubuta. Ban da gishiri." Na rubuta: "An aiki Sakatare gaida Baba Sambo. Bai je ba. Ya ce ya je. Zakara yana Samaru. An sauke shi." Duk tsawon zamana a kujerar nan ban taɓa rubuta bayani gajere haka ba, kuma shi kaɗai ne babu wanda zai iya ƙaryata ko kalma ɗaya a cikinsa.

Kafin a tashi Gwaggo Ladi ta ce tana da magana. Ta ce wancan ya manta, wannan ya ƙara, kuma dukansu 'ya'yan mutane ne, ba ɓarayi ba. Laifin namu ne da muke aiken mutum shi kaɗai, ya dawo shi ne mai labari, shi ne mai rubutu, shi ne mai karatu, mu kuma mu dangwala yatsa. Daga yau mutum biyu za a riƙa aikawa, kuma wanda ya rubuta ba shi zai karanta ba. Aka amince. Ta zama doka ta takwas, amma ban taɓa jin wanda ya kira ta haka ba. Dokar zakara ake ce mata.

Washegari da aka tashi daga aiki na ɗaure zakaran a kariya, rana tsaka, na ratsa Samaru abokan aikina suna zaune suna kallo. Yana fiffike, yana ihu, wani ma ya tambaye ni nawa. Iliya yana bina a baya a kan nasa keken, a matsayin mutum na biyu. Na ratse ta cikin taɓon nan da farar safata, ban ko duba ba. Mun iske an share zaure, an shimfiɗa tabarmar.

Baba Sambo ya karɓi zakara, ya jinjina nauyinsa, ya ce, "A'a, wannan ai ya ci abincin ƙungiya wata guda, ya zama ɗan ƙungiya. Ba za a yanka shi ba." Ya sake shi a tsakar gida. Zakaran nan ya yi shekara biyu a Hanwa, yawancin wuninsa a bakin titi yake yi yana kiwo, kuma ban taɓa iya wuce shi ban sauka ba. Da haka na saba da zauren Baba Sambo, har ranar da muka ɗauki gawarsa daga cikinsa.

Na riƙe muƙamai bayan wannan, wasu ma sun fi shi girma. Amma tun daga ranar, alƙalamina bai sake isa inda ƙafata ba ta taka ba. In kuma aka ce in rubuto wa mutane doka, sai in fara karanta ta ni kaɗai a ɗaki, a durƙushe, in ji yadda za ta zauna a bakina ranar da za ta zo kaina.